Masu Gadin Gonar Wani

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, cikin 2023, na zauna ɗaki ɗaya da wani saurayi mai kaifin basira wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin har gobe abokina ne. Shi lissafi yake karantawa, ni kuwa adabi. Abin da ya haɗa jininmu wani filash ne da ke yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, maƙare da fina-finai da shirye-shirye masu dogon zango na sadaukan Amurka, waɗannan da ke tashi sama ko su ɗaga mota da hannu ɗaya. Wata uku cur na yi ina lallashinsa ya kalli Daredevil, shirin da Netflix ya fara nunawa a watan Afrilu na 2015, labarin makahon lauya Matt Murdock, mai kare talakawa a kotu da rana, ya ɗaure fuska da dare ya bi miyagu a lungunan unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York. Amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba. "Malam, ba ya cikin lissafi," in ji shi. "Kashi 39 fa! Ka ce in ƙona darena a kan abin da bai faru ba?"

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. A lissafin abokina, wani ƙaton dodo mai launin shunayya ya tara duwatsu shida, ya ƙyasta yatsunsa, rabin halittu suka zama toka: wannan ya faru. Makahon lauya kuwa bai faru ba. Alhali dukansu daga kan marubuta suka fito, dukansu a gaban kyamara aka shirya su, kuma kamfani ɗaya ne ya mallake su. Bambancin kawai shi ne ɗaya na ɗauke da hatimi, ɗayan kuwa ana ta jayayya a kan nasa.

Ana nan, a watan Janairu na 2024, bayan mun bar makaranta kowa ya koma garinsu, sai ga saƙonsa cikin dare: "Mutumina, an tabbatar!" Ashe wani babban jami'in Marvel Studios ne, Brad Winderbaum, ya ce a wata hira yana ganin shirin na cikin babbar silsilar labaransu, sannan manhajar Disney+ ta jera shi da 'yan uwansa a jadawalin silsilar. Cikin mako biyu abokina ya cinye zango ukun. Ya kira ni yana ta santin faɗan nan na kashi na biyu, inda Murdock ke dambe a wani matsattsen lungun gida, kyamara ba ta yanke ba har kusan minti uku, yana faɗuwa yana tashi, yana jingina da bango saboda gajiya. Na ce masa, "To ai wannan faɗan yana nan tun 2015, ko hoto ɗaya ba a ƙara ba." Ya yi dariya ya ce, "Amma yanzu ya zama gaskiya."

Wannan dariyar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina da ƙorafi a kan abokina da dubban irinsa a faɗin duniya, kuma ni ma a cikinsu nake a da, saboda haka ba daga kan tudu nake magana ba. Ƙorafina shi ne, mun ɗauki mafi darajar abin da mai kallo ya mallaka, wato ikon ya ce wannan labari ya taɓa ni wancan bai taɓa ni ba, mun miƙa shi ga ofishin kamfani, muka koma bakin ƙofa muna jiran sanarwa. Muhawarar da ake tafkawa dare da rana a kan wane shiri ne "na gaske" magana ce ta mallaka da yarjejeniyar kasuwanci wadda ta aro rigar adabi ta sa. Masu yin ta gadin gonar wani suke yi, babu albashi, babu ko dami ɗaya ranar girbi.

Kalmar da ake faɗan a kanta ita ce kanon. Asalinta Girkanci ne, sunan karan da ake awo da shi, daga baya malaman coci suka sa wa jerin littattafan da suka amince da su a matsayin nassi. Yadda ta shigo duniyar ƙagaggun labarai kuwa abin dariya ne, domin da wasa ta shigo. A 1911 wani matashin malami a Oxford, Ronald Knox, ya gabatar da maƙala inda ya bi labaran Sherlock Holmes da irin ƙwaƙƙwafin da masana ke yi wa nassosin addini, don ya yi wa masanan shaguɓe. Kayan aiki ba su yi masa ƙaranci ba, domin marubucin Holmes ba mai kiyaye lissafi ba ne: a littafin farko a kafaɗa harsashi ya sami Dakta Watson, a na biyu ga shi yana jinyar ƙafa. Masoya Holmes suka karɓi wasan, suna ƙirƙiro bayanan sasanta irin wannan saɓani, kowa ya san raha ce. Shi ma kamfanin Marvel, tun zamanin Stan Lee, ya saba saka wa mai karatun da ya gano kuskure da abin da suka kira kyautar babu, wato ambulan da babu komai a ciki. Wannan ambulan ya fi duk sanarwar da ake fitarwa yau faɗin gaskiya. Akwai littattafan da ya wajaba a tsare kowane harafi nasu, mu da muka tashi da allo a hannu mun san haka. Shirin talabijin da ake yankewa don a saka talla ba ya cikinsu.

Babu shirin da ya ɗanɗana kuɗarsa a wannan rigima kamar Agents of S.H.I.E.L.D. A fim ɗin The Avengers na 2012, Loki ya soke jami'i Phil Coulson ya mutu, mutuwarsa ce ma ta haɗa kan sadaukan da ke ta hayaniya da juna. A watan Satumba na 2013 tashar ABC ta buɗe shiri da Coulson ɗin a raye, ɗan wasan bai sauya ba, Clark Gregg ne, ana kuma tallata shirin da taken cewa komai a haɗe yake. Da farko an cika alkawari. Samuel L. Jackson ya leƙo a matsayinsa na Nick Fury. A watan Afrilu na 2014, da fim ɗin Captain America: The Winter Soldier ya fallasa cewa ƙungiyar Hydra ta daɗe da yin sheƙa a cikin hukumar, kwanaki kaɗan shirin ya kife gaba ɗaya: Grant Ward, wanda masu kallo suka yi watanni suna ɗauka gwarzo ne, ya bayyana a maci amana. Hatta jirgin yaƙin da Fury ya kawo ɗauki da shi a fim ɗin Age of Ultron, shirin ne ya bayyana inda aka ɓoye shi.

Sai dai son maso wani ne. Shirin na bin fina-finai yana gyara zama duk inda suka juya, su kuwa ko kallo bai ishe su ba. Joss Whedon, wanda ya ba da umarnin The Avengers kuma yana cikin waɗanda suka ƙirƙiri shirin, ya faɗa a 2015 cewa a wajen fina-finai har yanzu Coulson matacce ne. Tushen abin a ofis yake. Marvel Studios na hannun Kevin Feige, Marvel Television na hannun Jeph Loeb. A 2015 Disney ya cire ɓangaren Feige daga ƙarƙashin shugaban Marvel, Ike Perlmutter, ya bar ɓangaren talabijin a can. Daga ranar aka raba gandu, kowa da tukunyarsa. Da dodon nan ya ƙyasta yatsunsa a 2018, zango na shida na shirin ya ci gaba kamar babu wanda ya ɓace. A ƙarshen 2019 aka narkar da Marvel Television cikin Marvel Studios, a watan Oktoba na 2023 kuma aka buga littafin jadawalin silsilar na hukuma, shirin ba ya ciki.

Masoya kuwa suka ja daga. Wani littafin tsafi da ake kira Darkhold ya fito a zango na huɗu na shirin da wani irin bango, ya sake fitowa a WandaVision a 2021 da bango dabam. Na ga mutane masu digiri sun jera hotunan bangon biyu, sun zana jan layi, suna jifan juna da baƙaƙen maganganu har asuba. Wani ɓangare ya ce ga hujja nan an kori shirin daga silsila, ɗayan ya ce ai littafin tsafi ne, yana iya rikiɗa. Ni ma na taɓa ƙona datar mako guda a wannan fage, ina ɓangare na biyu, kuma ba na alfahari da haka.

Yanzu mai karatu ya dubi abin da muka bari a ƙasa. Shirin ya yi zango 7, kashi 136. A ciki akwai Leo Fitz, matashin injiniya da ya sami rauni a ƙwaƙwalwa bayan Ward ya jefa shi da abokiyar aikinsa cikin teku. Ya farfaɗo kalmomi na kuɓuce masa a baki, hannunsa na rawa, marubutan kuma ba su warkar da shi a kashi ɗaya ba, suka bar shi ya yi ta fama a gaban idonmu. Akwai kashin da Jemma Simmons ta shafe sa'o'i 4,722 a wata duniya da kusan kullum dare ne. Akwai kuma ƙarshen zango na huɗu, inda aka jefa taurarin cikin wata duniyar kwamfuta wadda aka goge wa kowannensu nadama guda ɗaya daga rayuwarsa. Sai ga Fitz mai taushin zuciya ya zama azzalumi mai azabtar da mutane, don kawai a can mahaifinsa bai tafi ya bar shi ba, shi ya rene shi. Shin nagartar mutum tasa ce, ko kuwa ta abin da ya same shi ce? Da a ajinmu na adabi ne, wannan tambaya kaɗai ta isa a rubuta kundin kammala digiri. Muka tsallake ta muna auna bangon littafi.

Wanda ke shakkar cewa hatimin nan na kasuwa ne, ya bi tarihin Daredevil da kalanda a hannu. A watan Nuwamba na 2013 Disney da Netflix suka ƙulla yarjejeniya, shirye-shiryen da suka biyo baya kuma suna ambaton yaƙin New York na The Avengers a matsayin abin da ya faru a garinsu. Da Disney ya fara shirin buɗe tasa manhajar, sai Netflix ya bi shirye-shiryen ɗaya bayan ɗaya ya soke su tsakanin Oktoba na 2018 da Fabrairu na 2019. Daga nan Murdock ya shiga halin rabi da rabi, ba a ce yana ciki ba, ba a ce ya fita ba. A Disamba na 2021 Charlie Cox ya leƙo a Spider-Man: No Way Home, Vincent D'Onofrio kuma a Hawkeye, masoya suka shiga sabuwar rigima a kan ko su ne ko kuwa masu kama da su ne daga wata duniya. A Maris na 2022 shirye-shiryen suka koma Disney+. A 2023 aka fara ɗaukar Daredevil: Born Again, aka dakata a tsakiya, aka sauya marubuta, aka dawo da Karen Page da Foggy Nelson na tsohon shiri. Sai hatimi ya sauka, sabon shiri ya fito a Maris na 2025. Duk wata juyawa da "gaskiyar" Murdock ta yi, akwai juyawar yarjejeniya ko ta dabarar ciniki a gefenta. Kuma a ranar da aka buga wa Daredevil hatimi, an buga wa Iron Fist, wanda zangonsa na farko ko masu ƙaunar kamfanin ba sa iya kare shi da sakin fuska. Hatimin bai ƙara masa gishiri ba. Secret Invasion na 2023 da hatiminsa aka haife shi, bai hana shi zama lami ba.

Da a ce kanon girmama mai ƙirƙira ne, da na sassauta. To amma hatimin bai taɓa zama a hannun wanda ya yi mafarkin ba. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a 1938 a kan dala 130. Bill Finger, wanda ya gina kaso mai yawa na abin da muka sani game da Batman, ya rasu a 1974, sai a 2015 aka fara sa sunansa a matsayin abokin ƙirƙira. Ga kuma Watchmen na tashar HBO a 2019, shirin da Damon Lindelof ya buɗe da kisan kiyashin da aka yi wa baƙar fata a Tulsa a 1921, ya kuma lashe lambobin Emmy 11. Kamfani ya ce ci gaban littafin asali ne. Alan Moore, wanda ya rubuta littafin, ya ce babu ruwansa da shi. To wa za a bi? Mai gadin kanon ba shi da amsa, domin ma'auninsa ya karye a nan. Mai kallo kuwa yana da tasa: ya zauna ya kalla ya yanke hukunci.

Ba zan yi wa abokan hamayyata rashin adalci ba, suna da hujja mai ƙarfi, kuma ita ce ta daɗe tana riƙe da ni. Labari alkawari ne. Idan marubuci ya ce jaruminsa makaho ne a kashi na farko, sannan a kashi na goma ya nuna shi yana karanta allon talla daga nesa ba tare da bayani ba, ya ci amanar mai kallo. Daɗin shiri mai dogon zango yana cikin taruwar abubuwa, yadda raunin bara ke sa jarumi ɗingishi bana. Waɗanda suka zubar da hawaye ranar da Oliver Queen ya mutu sun yi haka ne domin sun bi shi tun Oktoba na 2012, lokacin da aka fara Arrow. Kamfanin da ya sayar mana da kaya da taken komai a haɗe yake kuwa ya ci ladan kuturu, dole a tambaye shi aski. Masu kallon Superman & Lois sun ga Tyler Hoechlin yana fitowa a Superman tun 2016 a cikin Supergirl, sun ga John Diggle na Arrow ya ziyarci sabon shirin a zangon farko, sannan a ƙarshen zango na biyu, a Yuni na 2022, aka ce musu ai wannan wata duniya ce dabam. Wanda ya ji haushi a ranar yana da gaskiya.

Amma abubuwa biyu ne aka cakuɗa, kuma a gaban kakata na fara koyon bambance su. In tana ba mu tatsuniya da dare ta manta ta ce kura ce ta ɗauki tulun, alhali ɗazu ta ce Gizo ne, nan take za mu yi mata caa: "A'a, Kaka, ba haka kika ce ba!" Sai ta yi dariya ta gyara. Wannan ita ce amanar cikin labari, kuma ko yaro ɗan shekara shida yana iya kama wanda ya karya ta, da kunnensa kawai. Sai dai ban taɓa jin wani yaro ya tambaya ko Gizon jiya da ya sha kashi a fada shi ne Gizon yau mai neman auren 'yar sarki ba, ko kuma ina ya bar Ƙoƙi. Mun san Gizo da halinsa ne, da wayonsa da kwaɗayinsa da tsamin bakinsa. Tatsuniyar da ta sa Gizo ya zama mai kunya da gudun abin duniya, ita ce ta ƙarya, ko da sarki ne ya buga mata hatimi. Haka Murdock: abin da ya sa ya zama shi, mutum ne mai imani da ke dukan mutane da dare ya je ya durƙusa gaban limamin coci da safe yana tuhumar kansa. Amanar cikin labari ido ke ganinta. Hatimi kuwa sai an jira jami'in kamfani ya yi hira da ɗan jarida. Gizo ba shi da mai shi, shi ya sa babu wanda ya taɓa sayar mana da jadawalinsa.

Kuma abin da ya biyo bayan wancan haushi na Yuni 2022 ya cancanci a duba. Da aka kwance Superman & Lois daga turken sauran shirye-shirye, marubutansa suka sami sarari. A zango na uku suka ba Lois sankarar mama, suka tsayar da mutumin da ke iya tare jirgin sama yana kallon matarsa a gadon asibiti babu abin da ƙarfinsa zai yi mata. A zangon ƙarshe, a 2024, suka bar Clark ya tsufa ya mutu kamar kowa. A ganina da yana ɗaure da wasu shirye-shirye huɗu da ke buƙatarsa a raye don gamayyar baɗi, da ba a yarda an yi haka ba. Kamfanin DC ma ya fi kowa sanin cewa shara ba ta ƙarewa a wannan gida. Tun 1961 Gardner Fox ya haɗa Flash biyu na zamani biyu ta hanyar cewa duniyoyi ne mabambanta. A 1985 aka buga Crisis on Infinite Earths don a share duniyoyin a bar ɗaya, amma tsugune ba ta ƙare ba, an sake shara a 1994 da 2005 da 2011. Da aka mayar da labarin talabijin tsakanin Disamba na 2019 da Janairu na 2020, aka gayyato Burt Ward na Batman ɗin 1966, da Tom Welling na Smallville, aka tsayar da Flash na fim gaba da gaba da Flash na talabijin, kamar ana cewa kowa ɗan gida ne. Washegari masoya suka tashi da gardamar wace duniya ce mai lamba nawa.

Da abin ya tsaya a ɓata lokaci, da ban kira shi matsala ba, kowa da irin shagalinsa. Amma sanda ce, kuma ana dukan mutane da ita. Da aka ba Candice Patton matsayin Iris West a The Flash a 2014, ta sha zagin wariyar launin fata na shekaru, kamar yadda ita da kanta ta bayyana daga baya. Da aka ba Anna Diop, haifaffiyar Senegal, matsayin Starfire a Titans na 2018, haka aka yi mata rubdugu, alhali Starfire ɗin a littafi baƙuwa ce daga wata duniya mai fata ruwan lemo. Mafi yawan masu zagin ba su fito sun ce ba ma son baƙar fata ba. Cewa suka yi ba haka yake a asali ba. Su ɗin ne kuma ke tafa wa Samuel L. Jackson, sun manta Nick Fury farar fata ne tun 1963 har kusan shekara arba'in. Ban ce duk mai son kanon yana da wannan cuta ba, abokina ma baƙi ne kamata. Na ce dai mun gina rumfar da masu cutar ke fakewa a ciki, muna kuma yi mata yaɓe kullum.

A ajinmu ma na ga ƙaramin samfurinsa. Wata 'yar ajinmu ta zo da murna bayan ta kalli Ms. Marvel na 2022, labarin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City. Abin da ya burge ta, ta ga yarinya irinta a masallaci, har da satar takalmi a bakin ƙofa, ta ga kuma yadda shirin ya koma 1947 ya nuna abin da raba Indiya da Pakistan ya yi wa iyali guda. Ba ta rufe baki ba samari uku suka taso mata: ta san cewa a littafi ba daga munduwa baiwar Kamala ta fito ba? Ta karanta fitowa ta nawa? Ta yi shiru, ba ta ƙara kawo zancen ba. A ranar ita kaɗai ce ta yi maganar adabi a cikinmu, kuma ita aka kora daga majalisa.

Masu wannan jarrabawa ba su san cewa yawancin abin da suke gadi ta katanga ya shigo ba. Dutsen kryptonite da ke karya lagon Superman a shirin rediyo aka fara jin sa, a 1943. Harley Quinn a zanen talabijin na Batman aka ƙirƙire ta a 1992, sai daga baya littattafai suka karɓe ta. Diggle ɗan Arrow ne kafin ya shiga littafi. Shi kansa Coulson, da ake ta rigima a kan gawarsa, don fim ɗin Iron Man na 2008 aka ƙago shi. Da masu gadin yau ne a bakin ƙofa a waɗancan shekaru, da duk an mayar da su da sanda.

Abin mamaki, kamfanin da kansa ya yi mana hannunka mai sanda ba mu gane ba. Shirin Loki na 2021 labarin wata hukuma ce mai ma'aikata da tarin fayil-fayil, aikinta tsare silsilar lokaci guda ɗaya da ta kira mai tsarki, duk wanda ya kauce daga rubutaccen tsari a kama shi a shafe shi, ko da ƙaramar yarinya ce. Can sai aka gano manyan da ake yi wa biyayya mutum-mutumi ne, wani mutum ɗaya ne a bayan labule ke tsara abin da ya dace da shi. Masoya suka kalli wannan tsaf, suka ɗauki sunan silsila mai tsarki suka mayar da shi ma'aunin da suke korar shirye-shirye da shi. Sun fi mai kora shafawa. Shi kuwa kamfani, bayan The Marvels ya faɗi a kasuwa a ƙarshen 2023, fim ɗin da ke jingine da shirye-shiryen talabijin har biyu, sai ya fitar da Echo ƙarƙashin wani sabon tambari mai sanar da cewa ba sai ka kalli komai ba kafin ka fahimce shi. A wata ɗaya aka ce mana komai a haɗe yake, aka kuma ce haɗin ba dole ba ne, kowane zance da irin mai sayen da ake nufi da shi.

A watan Agusta na 2025 James Gunn, wanda ke jagorancin DC Studios tare da Peter Safran, ya yi abin da ya kamata ya kashe maganar. Zangon farko na Peacemaker, a 2022, ya ƙare da zuwan sadaukan Justice League a makare bayan an gama yaƙi. Kafin zango na biyu an rushe waccan silsila an kafa sabuwa. Sai Gunn ya buɗe sabon zangon da waiwayen abin da ya gabata, ya nuna wannan fage dai, amma ya cire waɗancan sadaukai ya dasa na sabuwar silsila a gurbinsu, bai ɓoye ba, bai nemi afuwa ba. Na ji daɗin wannan rashin kunya, domin ya nuna wa kowa cewa da fensir ake rubuta kanon, kuma magogin na aljihun mai kamfani.

Na tura wa abokina wannan fage, tsoho da sabo, na tambaye shi wanne ne ya faru. Ya turo mini alamar dariya bai amsa ba. Da na je garinsu ɗaurin auren yayansa, na kai masa filash ɗauke da Agents of S.H.I.E.L.D. zango bakwai cif, na ce ya fara ko don Fitz. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Makon jiya na tambaye shi ina ya kai.

"Ban fara ba tukuna, mutumina," ya ce. "Ana rade-radin za su yi magana a kansa. Bari dai mu ji abin da za su ce."